Maɓallin da Babu Shi

A shekarar 2002 na yi maɓallina na farko. A wani shagon buga takardu ne cikin Kano, inda mai shagon ya yarda in riƙa hawa ɗaya daga cikin kwamfutocinsa bayan la'asar, idan masu kawo takardun neman aiki sun sarara, kuma idan akwai wuta. Yayan wani abokina ne ya sa mini Visual Basic 6 a ciki, ya nuna mini sau ɗaya, ya kama gabansa. Na ɗauko wata alama daga akwatin kayan aikin da ke gefen hagu, na ja linzami a kan wani fili mai ruwan toka, sai ga maɓalli ya fito da suna Command1 a ƙirjinsa. Na danna F5, na kai kibiya kansa, na latsa. Ya nutse. Na saki, ya taso. Babu aikin da yake yi, don ko layi ɗaya ban rubuta masa ba, amma na fi minti goma ina latsa shi, kamar yaron da aka saya wa takalmin sallah mai ƙara.

Bayan 'yan watanni na ɗauki hoton allon, na zuba shi a Paint, na hura shi ninki takwas don in ga abin da ke nutsewa. Ashe babu shi. Farin layi ne siriri a sama da hagu, baƙin layi a ƙasa da dama, tsakiya kuwa launin toka wanda jansa da korensa da shuɗinsa duk 192 ne. An yi kamar akwai fitila can a kusurwar sama ta hagu tana haska wani abu mai tudu. Da ka latsa sai farin layin ya ɓace, duhu ya kewaye gefen, rubutun ya matsa ɗigo ɗaya zuwa dama, ɗigo ɗaya zuwa ƙasa. Shi ke nan. Ido ya gani, ya gaya wa yatsa an taɓa abu, yatsa ya yarda. Sana'ar da na ci abinci da ita sama da shekara ashirin, gindinta ke nan.

Sana'a ce yarinya, wasu daga cikin waɗanda suka kafa ta suna nan da ransu. A da kwamfuta ba ta da fuska. Kati mai huji ake ba ta, ta amsa a takarda, wani lokaci sai washegari. A 1963 Ivan Sutherland, ɗalibi a MIT, ya nuna Sketchpad, inda mutum ke zane kai tsaye a kan gilashi da alƙalamin haske. Ranar 9 ga Disamba 1968 Douglas Engelbart ya zauna gaban mutum kusan dubu a San Faransisko, ya yi awa ɗaya da rabi yana tura wani ɗan akwati a gefensa, alama tana binsa a allo. Linzamin farko da Bill English ya ƙera masa na katako ne, da tayoyi biyu a ƙarƙashi. Ana yawan ba da labarin Sutherland da Engelbart, kuma sun cancanta. Amma maɓalli irin namu sai da ya jira allon ɗigo.

Wannan allon a cibiyar bincike ta Xerox da ke Palo Alto a Kalifoniya ya samu gindin zama. A 1973 suka haɗa wata kwamfuta mai suna Alto, allonta a tsaye kamar takarda, ɗigo 606 a faɗi, 808 a tsawo. Kowane ɗigo yana da gurbinsa a ƙwaƙwalwar na'urar: ɗaya baƙi, sifili fari. Idan ka ninka za ka samu ɗigo 489,648, wato wajen kilobayit 60, a na'urar da duka ƙwaƙwalwarta kilobayit 128 ce. Kusan rabin dukiyar gida a kan fuska kawai! A idon injiniyan wancan zamani wannan almubazzaranci ne. Sai dai ya saya musu wani 'yanci: tunda allo ɗigo ne zalla, harafi hoto ne, layi hoto ne, kuma duk abin da hannu zai iya zanawa zai iya zama abin latsawa.

Matsalar ita ce gudu. Ɗigo kusan rabin miliyan, in ka ce ɗaya bayan ɗaya za ka bi su, mai amfani zai yi gyangyaɗi. Dan Ingalls, wanda shi ne maginin harshen Smalltalk a ƙungiyar Alan Kay da Adele Goldberg, ya fito da maganin a 1975, ya sa masa suna BitBlt. Aikinsa ɗaya ne: ɗauki yanki mai kusurwa huɗu daga nan, kai shi can, ka haɗa shi da abin da ka tarar bisa wata ƙa'ida, ko ka rufe shi, ko ka gauraya, ko ka juya farinsa ya koma baƙi. Da wannan aiki guda ake rubuta harafi, a ja taga, a gungura rubutu sama. Da shi ne jerin zaɓi ke ɓullowa ƙarƙashin kibiya: a kwashe abin da ke wurin a ajiye gefe, a zana jerin, mutum ya zaɓa, a mayar da abin da aka kwashe. Kamar mai talla da ya shimfiɗa buhu a ƙofar shagon wani, ya tashi ya bar wurin yadda ya same shi. Sunan nan bai mutu ba. Shekara ashirin da bakwai bayan haka, ni ma da shi na kira aikin a cikin Windows, ban ma san daga inda ya fito ba.

A Disamba 1979 Steve Jobs ya kai mutanensa na Apple ziyara wannan cibiya. Cikinsu akwai Bill Atkinson, kuma in za a tambaye ni wanda ya fi kowa cancantar a kira shi sarkin wannan sana'a, shi zan nuna. Ya ga tagogi sun hau kan juna a allon Smalltalk, ya ɗauka har tagar da ke ƙasa ana ci gaba da zane a ɓangarenta da ya leƙo. Ya koma gida da yaƙinin cewa abin mai yiwuwa ne tunda ya gani da idonsa, ya yi watanni yana fama har ya samo dabara. Maimakon ya ajiye kowane ɗigo na siffa, sai ya ajiye wuraren da siffar ke farawa da inda take ƙarewa a kowane layi, kuma layukan da aka samu canji kaɗai. Da haka kowace siffa, komai karkacewarta, ta zama 'yar ƙaramar lissafi da za a iya haɗawa ko ragewa nan take. Daga baya ne aka gane mutanen Xerox ba su warware wannan ba tukuna. Ya kwaikwayi abin da babu shi, ya zama shi ne ya fara yi.

Labarinsa da na fi so na watan Mayu 1981 ne, Andy Hertzfeld da ke wurin ne ya ba da shi. Injin lissafin da suke aiki da shi, Motorola 68000, ba shi da sauri wajen lissafin da zana da'ira ke buƙata. Sai Atkinson ya tuna wani abu da ɗan firamare ma zai iya gwadawa: 1 da 3 huɗu ne, a ƙara 5 ya zama tara, a ƙara 7 ya zama sha shida. Jimlar lambobin mara a jere kullum lamba ce da aka ninka da kanta. Ke nan da tarawa kawai za a iya bin gefen da'ira. Ya zo ofis yana murna, allo na cika da da'irori cikin ƙiftawar ido. Jobs ya duba ya ce to, amma yana son murabba'i mai lanƙwasassun kusurwoyi. Atkinson ya ce abu ne mai wuya, kuma ba a bukatarsa. Jobs ya fara nuna masa tebur da allon rubutu a ɗakin, sannan ya ja shi waje suka zaga unguwa, yana nuna masa irin siffar a ko'ina, har suka zo kan allon hana ajiye mota. Nan Atkinson ya sallama. Washegari da rana ya dawo da abin yana aiki. Ciro wayarka ka duba kusurwar kowane maɓalli, za ka ga jikokin wancan yawo.

Kalmar da ke kan maɓalli ma tana da nata tarihin. Lokacin da Apple ke gina kwamfutar Lisa, Larry Tesler kan ɗauko mutanen da ba su saba da kwamfuta ba ya zaunar da su, a koma gefe ana kallon inda za su yi tuntuɓe. Maɓallin amincewa a lokacin Do It aka rubuta masa, wato aikata. Sai aka lura wasu na kauce masa suna danna na fasawa. Da aka tambayi ɗaya, sai ya nuna ɓacin rai, wai don me na'ura za ta zage shi. Tazarar da ke tsakanin kalmomin biyu ta yi ƙanƙanta, harafin I kuma ya yi kama da l, shi Dolt yake karantawa, wato dolo. Aka canza zuwa OK. Kullum na tuna wannan sai in yi dariya, don ni ma harafi ɗaya ya taɓa jefa ni cikin rigima, zan zo kansa.

Xerox ta fitar da kwamfutar Star a 1981 kan sama da dala 16,000, Apple ta fitar da Lisa a 1983 kan dala 9,995, duka biyun kasuwa ta juya musu baya. Macintosh ce ta tsaya, ranar 24 ga Janairu 1984, kan dala 2,495. Allonta ɗigo 512 ne a 342, bayit 21,888 cif. Abin da ya fi shafar masu rubuta manhaja shi ne an ɗura maɓallai da tagogi da jerin zaɓi a cikin na'urar kanta, a wata ma'adana mai kilobayit 64. Ba sai kowa ya zana nasa ba, kira kawai za ka yi a ba ka. Shi ya sa maɓallin wannan manhaja ya yi kama da na waccan, wanda ya koyi ɗaya ya koyi duka. 'Yan hotunan kuwa Susan Kare ce ta zana su, a takarda mai gida-gida ta fara, gida 32 a 32, wato ɗigo 1,024, kowanne fari ko baƙi. A cikin wannan ƙunci ta fitar da kwandon shara da agogon hannu da kwamfuta mai murmushi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula yana ƙirga zare kafin ya soka allura ya san irin wannan aiki.

Mu dai a nan ta hannun Microsoft abin ya iso mana. Windows ta fito a Nuwamba 1985, amma sai a 1990, da fitowa ta uku, ta kama ƙasa. Rubuta mata manhaja da harshen C azaba ce. Kafin taga ɗaya ta buɗe ta ce maka sannu, sai ka cika shafi biyu. Tsarin kuwa na saƙo ne: manhajarka na zaune kamar mai jiran kanti, saƙonni na shigowa ɗaya bayan ɗaya, an motsa linzami, an latsa, an saki, an taɓa harafi. Kowane maɓalli shi kansa 'yar taga ce mai lambarta. Kuma taga ba ta tuna fuskarta. Idan wata ta rufe ta sannan ta matsa, sai a aiko mata saƙo cewa ta sake zana kanta. In manhajar ta sandare ba ta amsa ba, wurin ya zauna da sawun abin da ya wuce ta kai. Waɗanda suka yi zamanin kafe na intanet za su tuna yadda ake jan ƙaramar taga a kan manhajar da ta maƙale, ta riƙa barin sawu ɗari a baya kamar an baje kati. Mukan yi wasa da shi muna jiran shafi ya buɗe.

Wanda ya sauke wa talakan mai rubuta manhaja wannan kaya shi ne Alan Cooper. Ya gina wani abu da ya kira Tripod, inda ake ɗauko maɓalli a ajiye shi da linzami, ya nuna wa Bill Gates a 1988, Microsoft ta saya, ta aura masa harshen Basic, aka haifi Visual Basic a Mayu 1991. Ka zana maɓalli, ka latsa shi sau biyu, a buɗe maka gurbin da za ka rubuta abin da zai faru idan an danna. Cooper ya bar ƙofa a buɗe don wasu su ƙera nasu kayan su ƙara a akwatin, sai kasuwa ta tashi: kamfanoni na sayar da jadawali, kalanda, ma'aunin ci gaba, kamar masu sayar da kayan gyara a bakin gareji. Borland ta zo da Delphi a 1995, wanda a ganina ya fi tsafta. Masu C suna raina 'yan Visual Basic, suna ce mana masu jan akwati. Su dai faɗa. Manhajojin lissafin shaguna da na sakamakon jarrabawa da na rajistar asibiti da na gani a ƙuruciyata, yawancinsu da shi aka yi su.

Aikina na farko na kuɗi, in ma za a kira shi na kuɗi, na kawuna ne mai shagon magani. Ya sayi kwamfuta ta hannu, yana son ta riƙa riƙe masa lissafin kaya. Na ƙudura da Hausa zan rubuta komai, don shi da yaron shagonsa su ji daɗi. Na zo kan maɓallin shigar da kaya, na so in rubuta Ƙara kaya, sai ga ?ara kaya. Na gwada Ɓoye, ya ba ni ?oye. Dalilin sai daga baya na fahimce shi. A cikinsa Visual Basic 6 na iya riƙe kowane harafi na Unicode, inda babban Ƙ yake da lamba 408, ƙarami 409. Amma da ya zo miƙa rubutun ga maɓalli sai ya mayar da shi tsohon jadawali mai gurbi 256, wanda aka tsara don harsunan Yammacin Turai. Babu lanƙwasarmu a ciki, duk abin da bai gane ba kuwa sai ya maye shi da alamar tambaya. In cire lanƙwasar in rubuta Kara kaya, kamar ina sayar da karan dawa? Raina bai so ba.

Sai na ce zan zana nawa maɓallin, hoto guda, da Ƙ ɗina da na lanƙwasa da hannu a Paint. Daga nan shaiɗanin ado ya shige ni. Lokacin manhajar jin waƙa ta Winamp na tashe, kowa na canza masa riga, ni ma na ce ba za a bar ni a baya ba. Na koyi kiran BitBlt, na koyi dabarar hoto biyu, ɗaya baƙi da fari da ke huda gurbi, ɗaya mai launi da ke cike gurbin, don maɓalli ya fito da'ira ba tare da farin akwati a bayansa ba. Allo ya riƙa ƙyaftawa kamar fitilar da ke shirin mutuwa, sai na koyi yin zanen a ɓoye tukuna, in kwafo shi gaba ɗaya a tashi guda. Na yi bango mai kore da ke dushewa zuwa baƙi, layi 256, kowanne ya ɗan fi na samansa duhu. Na yanke kusurwoyin tagar kanta da irin lissafin yankin nan na Atkinson, wanda Windows ma tana da nata. Ranar da na kai, har maƙwabta suka leƙo kallo.

Sati bai cika ba lissafi ya fara ƙin daidaita. Kwamfuta ta ce kwalbar maganin tari uku aka sayar, a kanta kuwa ɗaya ce ta fita, kuɗin aljihun tebur ma na ɗaya ne. Kwana biyu Kawu na yi wa yaron shagon wani irin kallo. Na zo na zauna a bayansa ina kallon hannunsa. Mai saye ya zo, Kawu ya kai kibiya kan kyakkyawan maɓallina ya danna. Kwamfutar tsohuwa ce, tana ɗaukar daƙiƙa biyu kafin ta adana. Hoton bai motsa ba. Ya sake dannawa. Ya ƙara.

“Kawu, ai sau ɗaya ake dannawa,” na ce.

“To ta ina zan san ya ji? Kai yaro, wannan abin naka kurma ne. Na taɓa shi, bai ce mini uffan ba.”

Na ba yaron shagon haƙuri da kaina. A daren na zauna na lissafa abin da maɓallin toka, wanda na raina, yake yi ban sani ba. Yana nutsewa tun kafin a fara aikin, don ka san an ji ka. Ba ya aikatawa lokacin da ka latsa, sai lokacin da ka saki, kuma in ka latsa sannan ka janye kibiya gefe ka saki a can, ya fahimci ka fasa. Ana iya isa gare shi ba linzami, da maɓallin Tab, sai ya yi ɗan zobe mai ɗigo-ɗigo a ciki ya nuna shi ne a kan layi. In ba lokacinsa ba ne, rubutunsa ya dushe kamar an sassaƙa shi a dutse. Yana gaya wa manhajar da ke karanta wa makafi allo sunansa da aikinsa. Shekara ashirin mutane na zaunar da baƙi suna kallon tuntuɓensu kafin a tara wannan ladabi, ni kuma na watsar da shi a dare ɗaya saboda kore mai sheƙi. Na mayar da maɓallin toka, na rubuta masa K'ara kaya da waƙafi a sama, irin na masu tafireta. Sai a zamanin Windows Vista na daina fargabar ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓalli, kuma har yau in aka kawo sabon salon rubutu su nake fara gwadawa.

Akwai wani abu da ya dame ni a da'irorina na wancan lokaci: gefensu kamar haƙoran zarto. Yanki irin na Atkinson e ko a'a ya sani, ɗigo na ciki ne ko na waje. Maganin daga masu fim ya zo. A ƙarshen shekarun 1970 Alvy Ray Smith da Ed Catmull, waɗanda daga baya suka kafa Pixar, suka ƙara wa kowane ɗigo lamba ta huɗu bayan ja da kore da shuɗi, mai faɗin yadda yake rufe abin da ke bayansa. A 1984 Thomas Porter da Tom Duff suka tsara lissafin haɗa irin waɗannan hotuna. Kashi talatin na sama, kashi saba'in na ƙasa, a gauraya. Inuwa mai laushi, gilashi, gefen da ba ya karce ido, duk daga nan suke. Sai da kwamfutar gida ta yi ƙarfi kafin abin ya sauko kan maɓalli. A Janairu 2000 Jobs ya nuna Aqua, sabuwar fuskar kwamfutocin Apple, maɓallai kamar alewa mai ruwa a ciki, shi da kansa ya ce an yi su ne don mutum ya ji yana son lasa. A sabon tsarin kowace taga na da nata allon a ɓoye, wani mai haɗawa kuma na jera su sau da yawa a daƙiƙa, shi ya sa taga ke iya tsotsewa ƙasa kamar aljani na komawa kwalba. Microsoft ta bi sahu da gilashin Vista a 2007, aka ɗora nauyin a kan katin hoto. Wasanmu na baje kati ya mutu a ranar.

Shafukan intanet kuwa sun daɗe a baya. Na sha yanka hoto huɗu, kusurwa-kusurwa, in jera su cikin jadawali don akwati ɗaya ya lanƙwasa. Sai a 2011 Internet Explorer ta yarda da layi guda da ke yin wannan. Abin da Atkinson ya gama a dare ɗaya, sai bayan shekara talatin ke nan.

Waya ta sauya lissafin gaba ɗaya. Kibiya ɗigo ɗaya take nunawa, yatsa kuwa fili yake rufewa, har ya ɓoye abin da yake taɓawa. Shi ya sa Apple ta ce kada abin taɓawa ya gaza ma'auni 44 a kowane gefe, Google ta ce 48. A iPhone ta 2007, in ka ja jeri ya kai ƙarshe, sai ya ɗan miƙe ya dawo kamar roba, aikin Bas Ording, kuma amfaninsa ɗaya ne da nutsewar maɓallin toka: na ji ka, amma nan ne iyaka. Don motsi ya yi santsi sai an sake zana allo sau 60 a daƙiƙa, wato kowane zane ƙasa da kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa yake da shi, in ka wuce ido ya kama ka. Shekarun farko an cika ado, littafin adireshi da fata, kantar littattafai da katako, teburin wasa da koren kyalle. Sai aka gaji. Microsoft ta fara share komai a wayoyinta na 2010, Apple ta bi a 2013 ƙarƙashin Jony Ive, maɓalli ya koma kalma tsirara mai launi, ba gefe ba inuwa. Mutane suka rasa abin taɓawa da abin karantawa, har a 2014 Apple ta ƙara wani zaɓi a saituna mai dawo wa maɓallai da siffarsu. A shekarar Google ta kawo Material Design, ta dawo da inuwa, ta sa wani kumfa ya riƙa bazuwa daga daidai inda yatsa ya sauka. A Yuni 2025 Apple ta sake komawa gilashi, kwanaki kaɗan bayan rasuwar Atkinson. Yayi ne, kamar na hula, yau doguwa gobe gajera.

Ni dai tun darasin shagon Kawu na zama mai rowar ado. Wanda ya zaɓi siririn rubutu mai ruwan toka a kan fari, a ɗaki mai sanyi ya zaɓe shi, bai taɓa tsayawa a Kantin Kwari da azahar yana ƙoƙarin tura kuɗi da waya mai tsagaggen gilashi ba. Gilashi mai dusar da abin da ke bayansa lissafi ne a kan kowane ɗigo, lissafi kuma batir ne, batir kuma kuɗi ne a wurin mai cajin waya. Da yawa cikin masu amfani da abin da nake rubutawa ba sa karanta boko sosai, siffa da launi da gurbi suke riƙewa: kore a ɗauka, ja a kashe, a danne makirfo a yi magana a saki. In ka matsar musu da maɓalli saboda an yi sabon yayi a Kalifoniya, kamar ka shiga ɗakin makaho ne ka sauya wa kayansa wuri. Yaran da nake koya wa aiki kan ce na tsufa. Nakan bar su su yi adonsu, sannan in aike su kasuwa da wayar, su miƙa wa mai shago, su tsaya a baya, kada su ce komai.

Kwanan baya ina neman wata takarda a tsohon faifai sai na ci karo da manhajar Kawu, Allah ya jiƙansa. Windows ta yau har yanzu tana ɗauke da abin da ke tayar da Visual Basic 6, don haka na latsa, sai ta buɗe, 'yar ƙarama a kusurwar babban allo, da farin layinta a sama da hagu. K'ara kaya na nan da waƙafinsa. Na kai kibiya na danne, rubutun ya matsa ɗigo ɗaya. Na janye gefe na saki. Ya taso, bai rubuta komai ba.